Vinland Saga: Thorfinn ya canza ne, ko ƙarfinsa ne ya ba shi damar ajiye wuƙa?

Nura: Assalamu alaikum 'yan gida. Gargaɗi tukuna, za a fasa ƙwai a nan, wanda bai gama zango na biyu na wannan shirin zane na Japan ba ya dakata. A kashi na 22 Thorfinn, jarumin labarin, ya yarda Drott, wani mayaƙin sarki, ya yi masa naushi 100 don a bar shi ya ga Sarki Canute, kuma a nan ya faɗi maganar da kowa ke yaɗawa, wai ba shi da abokin gaba. To ku sake kallon naushin farko-farko. Yana juya kai yana bin hannun Drott, ƙarfin dukan na zamewa. Wannan dabarar wanda ya shekara 11 a fagen fama ne. Da abokinsa Einar, manomin da suka yi bauta tare, shi ne ya tsaya a wurin, kafin na goma an ɗauki gawarsa. Ke nan ƙin yaƙin nan na masu ƙarfi ne kawai? Talakan da bai iya faɗa ba, me labarin ya tanadar masa?

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam. Nura, tambayarka na kan hanya, amma ka faro ta daga ƙarshe. Koma kan ubansa, Thors. A kashi na 4 na zango na farko, a tsibiran Faro, Thors ya kakkarya mutanen jirgi guda da hannu kawai bai kashe ko ɗaya ba, ya kayar da Bjorn, ɗaya daga cikin maharan, ya ci shugabansu Askeladd a fito-na-fito. Babu wanda ya kai shi ƙarfi a labarin nan kaf. Da Bjorn ya ɗora wa Thorfinn, yana yaro, makami a wuya, me ƙarfin ya tsinana masa? Ya jefar da takobi, aka yi masa ruwan kibau yana tsaye. Marubucin labarin, Makoto Yukimura, ya ajiye wannan tun farko don kada wani ya ɗauka cewa ƙarfi na tsare mai ƙin kisa. Kuma Thors da bakinsa ya ce riƙe takobin da ya yi a ranar alama ce ta bai kai ba tukuna.

Abin da Thors ya saya da ransa a lissafe yake: ɗansa Thorfinn, da abokinsa Leif, da samarin ƙauyen da suka biyo shi suna murnar za su yaƙi. Dukkansu sun tsira. Irin cinikin da ya yi ke nan a kashi na 1, da ya ba wani mai suna Halfdan tumaki 8 a kan bawansa da ya gudo cikin dusar ƙanƙara, bawan da kowa ya ga ba zai kai labari ba. 'Yar Thors, Ylva, ta yi ta faɗa a kan asarar, kuma ta fuskar tattalin gida tana da gaskiya, don tumaki 8 a Aisland na shekarar 1002 abincin hunturu ne da suturarsa.

Nura: Na ji, Malam. Amma ai hujjata ka ƙarfafa. Ya mutu, ya bar yaro ɗan shekara 6 a hannun waɗanda suka kashe shi.

Malam Sabi'u: Ya ɗauka yaron zai koma gida tare da Leif. Thorfinn ne ya maƙale a jirgin da su Askeladd suka ja. Kuskuren Thors yana can baya. Ya ɓoye wa ɗansa tarihinsa, ya bar shi ya tashi cikin yaran da wasansu kullum yaƙi ne da takubban itace, sai dare ɗaya da ya kama shi da wuƙa a hannu ya ce masa babu wanda ya halatta ka cutar. Jimla ɗaya ba ta rinjayar tarbiyyar gari guda. Yaron ma cewa ya yi baba ƙarya yake, tunda gobe za shi yaƙi.

Anti Bilki: Ku bar ni in sa baki kan zango na farko, don ana yawan cewa wai na farko na yaƙi ne, na biyu ne na zaman lafiya. Wanda ya faɗi haka bai lura da inda ake ajiye kyamara ba.

Ɗauki kashi na 6. Wata dattijuwa 'yar Ingila ta tsinci Thorfinn da rauni a bakin rafi, ta kai shi gida, ta yi jinyarsa, ta zauna tana tsefe masa kai tana cire ƙwarƙwata, saboda yana tuna mata da ɗanta da ya rasu. Da sojoji suka zo neman ɗan leƙen asirin Denmak, ta ce ɗanta ne. Shi kuwa aikinsa ya kunna wuta a bakin teku don jiragen Askeladd su san inda za su sauka. Ya ce mata ta gudu, da ɗan guntun harshensu da ya iya. Ya kunna wutar. Ta biyo shi, ta gan shi yana yanka mutane, hawaye na zuba. Bayan komai ya lafa abin da aka nuna mana shi ne matajin nan a ƙasa, an tattake shi. Yaron ya ja dogon numfashi, ya gyara fuska, ya bi sahu. Wannan jan numfashin shi ne lokacin da ya koyi kashe zuciyarsa.

Sai kashi na 14. Kusan dukkansa ta idon wata yarinya mai suna Anne muke kallo, wadda damuwarta a duniya zoben da ta sata ne, tana tsoron ko Allah zai hana ta aljanna. An ba mu lokaci mun zauna da iyalin a kan abinci. Sannan Askeladd ya iso, ya tambayi yawan mutanen ƙauyen da yawan abincin da aka tanada, ya yi lissafi, ya sa aka tara sama da mutum sittin a fili aka kashe, har jarirai, don kada wani ya kai labarin inda suke. Ba gaba tsakaninsu, ba fushi. Lissafin buhu ne da bakin ci. Duk mai son Askeladd, kuma da wuya ka kalli shirin ba ka so shi ba, dole ya riƙe wannan kashin a ransa.

Ɗan Damagaram: Anti ta taɓo inda nake so. Kuma a lura, a littafin manga, wato labarin zane na asali, da Yukimura ya fara a 2005, labarin ya buɗe ne da harin ganuwar Faransawa, inda aka ɗauki jirage a kafaɗa aka tsallaka tudu da su. Kamfanin Wit da darakta Shuhei Yabuta, a 2019, suka mai da wannan kashi na 7, suka fara da yarintar. Amfanin haka, kafin ka ga Thorfinn yana tsalle da wuƙaƙe biyu ka riga ka san yaron da aka lalata kafin a samu wannan gwanin. Burgewar ba ta shiga da daɗi.

Sadiq: Ni fa gaskiya zango na biyu ya yi mini sanyi. Kashi nawa ana saran itace.

Ɗan Damagaram: Ƙanena, saran itacen shi ne maganar. Bi matakan da kyau. Shekarar 1015, Ketil, mai gonar da ya saye su bayi, ya ba Thorfinn da Einar daji ya ce su share, su shuka alkama, shi zai saya a farashin kasuwa, in kuɗin ya kai abin da ya saye su, sun fanshi kansu. Mataki na farko sara da gatari, a ja gungumen zuwa kogi. Na biyu cire kututture, wanda shi ne mai kashe mutum, don saiwar na riƙe da ƙasa, mutum biyu sai su wuni a kan ɗaya. Barorin gonar, waɗanda 'ya'ya ne, ba bayi ba, amma ba su da ko taƙin ƙasa, suka hana su doki, suna kuma cinye musu rabon abinci. A kashi na 6 tsoho Sverkel, mahaifin Ketil, ya ara musu doki da sharaɗin su yi masa aikin gida da na gonarsa. Da doki da igiya aka tumɓuke kututturen, aka samu garma, aka yi huɗa, aka watsa iri. Einar ne malami a nan, Thorfinn bai san komai ba, har mamaki yake wai wannan ɗan tsiron ne zai zama burodi.

To da alkamar ta fito, barorin suka bi dare suka tumɓuke ta. Ka ga abin da marubucin ya yi? Sai da ya sa Thorfinn ya zuba guminsa a ƙasa wata da watanni, sannan ya sa aka yi masa abin da shi ya shekara 11 yana yi wa manoman Ingila. Ba wa'azin da zai koya masa wannan. Kuma me ya yi? Ya kai wa ɗaya naushi ya karya masa muƙamuƙi, bayan shi ne ke ba Einar haƙuri. Hannun ya riga tunanin. Daga nan aka buge shi ya suma, ya yi mafarkin kashi na 9, yana rataye a bakin rami, a ƙasa matattun mayaƙa na ta sarar juna ba ƙarshe, waɗanda ya kashe kuma suna hawowa suna kama ƙafarsa, bai ma san sunan ko ɗaya ba. Askeladd ya ce masa ya hau da su a jikinsa. Da ya farka ne ya yi rantsuwar barin cutar da mutane. Kashi 8 cur aka kashe kafin a kai ga rantsuwar. Da a kashi na 2 ya yi ta, wa zai yarda?

Wani ƙaramin abu: Pater, wanda shi ma tsohon bawa ne da ya fanshi kansa, ya tsinci maɓallin rigar ɗaya daga cikin barorin a gonar. Da wannan shaidar Ketil ya kashe maganar, aka ce aladen daji ne ya yi ɓarnar. Bayi sun tsira daga hukuncin dukan 'ya'ya, amma gaskiya ba ta fito ba. Irin adalcin gonar ke nan.

Malam Sabi'u: Hausa ma ta sauƙaƙa mana. Kalma ɗaya ce, fansa. Zango na farko ɗaukar fansa, na biyu fansar kai. Askeladd ya gane cewa yaron ba ya ganin komai sai fito-na-fito da shi, sai ya mai da abin lada: je ka kawo kan kwamandan can, in ba ka dama. Kuma kullum yana cin sa ta hanya ɗaya, ya ambaci Thors, ran yaron ya ɓaci, ya afko ido rufe. A kashi na 22 na zango na farko ma ko takobi bai riƙe ba, da hannu ya lallasa shi. Da Canute ya soke Askeladd a kashi na 24, Thorfinn bai samu sauƙi ba, an ƙwace masa abin da yake rayuwa dominsa ne. Shi ya sa a kashi na 3 na zango na biyu yana tsaye Fox, ɗaya daga cikin masu gadin gonar, na yanka jikinsa, har ya gutsure masa kunne, ko ƙiftawa bai yi ba. Kada a kira wannan haƙuri. Mutum ne da bai damu ya mutu ba. Tsayuwarsa gaban Fox da tsayuwarsa gaban Drott a ido iri ɗaya ne, amma a ta biyun yana da abin da yake so ya tsare.

Baffa: Duk na ji ku, amma ni ina bayan Canute, kuma da dalili. Ku dubi ainihin tarihin. Tun 991, bayan yaƙin Maldon, Ingila ke biyan 'yan Viking kuɗi don su tafi, fam 10,000 na azurfa a karon farko. A 1012 ya kai fam 48,000. Kowane biya na jawo wasu jiragen. Sarki Ethelred ya ba da umarnin kashe 'yan Denmak da ke ƙasar ranar 13 ga Nuwamba 1002, abin bai yi magani ba. Sweyn, sarkin Denmak kuma uban Canute, ya ci ƙasar a 1013, ya mutu a Fabrairun 1014. Canute ya karɓa a 1016, ya tara fam 72,000 a 1018 ban da 10,500 na Landan, ya biya rundunarsa ya sallami yawancinta, ya riƙe jirage 40. Daga nan har ya mutu a 1035 hare-haren da suka addabi Ingila kusan sun tsaya. Wa ya fi ceton rai, shi ko Thorfinn da ya ce zai gudu ƙasar da ba kowa? A shirin ma Canute ya faɗa, shi yana so ya ceci 'yan Viking ɗin kansu, mutanen da ba su san komai ba sai sara.

Ummi: Baffa, da girmamawa, lissafinka ya tsallake waɗanda aka biya da su. A shirin, don ya kai inda ya kai, Canute ya sa wa Ethelred guba, ya sa wa Edmund ɗan Ethelred, ya sa wa yayansa Harald wanda ke ƙaunarsa. Gubar ƙirƙirar labari ce, amma ita aka ba mu mu yi hukunci da ita. Sannan me ya kawo shi gonar Ketil? Yana buƙatar kuɗin ciyar da sojojin Denmak da ke Ingila, ba ya so ya ƙara wa Ingilawa haraji su yi bore, sai ya yanke shawarar ƙwace gonakin attajiran Denmak. Aka shirya wa Olmar, ɗan Ketil, tarko ya kashe ɗan aiken sarki, aka samu hujja. Manoma sama da 300, yawancinsu bashin Ketil ne ya fito da su, wasu da tukunya a ka a madadin hular ƙarfe, suka fuskanci ƙwararru kusan 100. Kashi na 19 da na 20 yanka ne kawai. Kuma kan ubansa Sweyn da yake gani yana masa magana, ai shaida ce cewa rawanin ya fara cin sa kamar yadda uban ya faɗa masa.

Ni inda na fi so a tsaya shi ne Arnheid, don ita ce amsar Nura, ko da amsar ba daɗi. Mijinta Gardar ba mugu ba ne. An samu ƙarfe a wani yanki, mazan garinsu suka ce in ba su riga kamawa ba maƙwabta za su yi ƙarfi su fi su. Ta roƙe shi kada ya je. Ya ce don gaban ɗansu Hjalti zai je. Suna can aka afka wa garin da ba maza, aka kashe yaron, aka sayar da ita, ta zama ƙwarƙwarar Ketil. Shi ma ya ƙare a sarƙa. Yaƙin da aka fita don tsare gida shi ya buɗe ƙofar gidan.

Kuma Ketil, mutumin da a kashi na 7 yake kuka a cinyarta don an tilasta masa dukan yaron da ya saci gari, shi ne ya ɗauki sanda ya yi mata dukan da ya kashe ta da cikin da ke jikinta. Mai sauƙin hali ne matuƙar dukiyarsa na nan. Ranar da sarki ya taɓa gonar, ya huce a kan abin da yake ganin nasa ne. Da Arnheid ke cikawa a kashi na 20 ta tambayi su Einar ko inda za su kai ta akwai yaƙi da bauta. In akwai, ta ce, ba ta zuwa. Ba su da amsa a hannu. Shirin bai yi wa mara ƙarfi alkawarin komai ba, Nura. Ya nuna an murƙushe ta, sannan ya ɗora wa masu ƙarfin nauyin gina inda irinta za ta rayu.

Baffa: 'Yata, ban musa zaluncin ba. Abin da nake cewa, janyewar Canute a kashi na 23 ta zo da sauƙi fiye da kima. Sarkin da ya kashe ɗan'uwansa ya fasa ƙwace gona don wani ya ce masa zai gudu, ya yi dariya? A nan alƙalamin marubuci ya fito fili.

Malam Sabi'u: Akwai gaskiya a nan, Baffa, ni ma ina ganin an gaggauta. Amma akwai abubuwa biyu da suka rage mini ƙorafin. Na ɗaya, kafin Thorfinn ya isa, Olmar ya riga ya yanke shawarar miƙa wuya a kashi na 21, yana kuka, yayansa Thorgil na zaginsa da ragwanta. Yaron da duk burinsa a daina yi masa dariya ya zaɓi a yi masa dariyar don kada a ƙara kashe kowa. Ga mara ƙarfin da ya yi abin da Nura ke tambaya, kuma shi ya tsayar da jinin. Na biyu, Canute ya tsaya a bakin teku ya umarci igiyar ruwa ta tsaya, ba ta tsaya ba, wanda tsohuwar hikaya ce da aka rubuta a kansa tun ƙarni na 12. Yana nuna ya san iyakarsa. Abin da Thorfinn ya kawo masa rabon aiki ne: kai ka riƙe masu takobi, ni zan kwashe waɗanda mulkinka zai tattake in kai su inda hannunka bai kai ba, amma in ka ci gaba da yawaita su ba zan iya ɗauka ba. Sarki ya samu wanda bai zo neman komai a wurinsa ba, bai kuma zo kashe shi ba, alhali shi ne ya tsaga masa kumatu shekara huɗu baya.

Nura: To batun Snake, shugaban masu gadin gonar, fa? Bayan rantsuwar ai ya yi faɗa da shi.

Ɗan Damagaram: Ya yi, ƙarshen kashi na 16 zuwa farkon na 17, hannu da takobi, don ya kare Gardar. Kuma ka duba yadda aka gina shi. Snake yana da hujja: Gardar ya kashe masa mutum biyar, ya tambaya ko ran Gardar ya fi nasu ne. Thorfinn ba shi da amsa. Faɗan kuma bai hana komai ba, Snake ya soki Gardar. Daga wannan kayen ne maganar matakin farko da matakin ƙarshe ta fito. Duka shi ne matakin ƙarshe, kuma kowa na saurin tsallakawa gare shi don bai wahalar da kansa neman na farkon ba. Naushi 100 ɗin ƙoƙarinsa ne na nemo matakin farko. Ka ce dabara ce, e, da farko. Amma daga baya ya daina kaucewa, ya tsaya ana kirɓarsa fuska ta kumbura har ba a gane shi, kuma abin da ya sa Drott ya sauke kai ke nan.

Hafsat: Masu karanta manga, a ba mu fili kaɗan. Wanda bai so ya ji abin da ke gaba da babi na 100, inda zango na biyu na kamfanin MAPPA ya tsaya a 2023, ya tsallake ni.

Duk ƙorafin Nura da Baffa, Yukimura ya ɗora wa Thorfinn su da kansa. Na farko Hild. Mafarauciya ce, ta ƙera wani baka da ake ɗanawa a saki da ɗan yatsa, wanda ke huda mutum daga nesa komai ƙwarewarsa. Thorfinn ne ya kashe mahaifinta lokacin yana tare da Askeladd. Ta ba shi rai aro: tana biye da shi, ranar da ya sake kisa ta harbe shi. Wato rantsuwar ta tashi daga abin da ke cikin zuciya ta koma abin da wadda aka zalunta ke sa wa ido. Shekaru ta yi a bayansa kafin ta ce ta yafe, kuma ba roƙonta ya yi ta yi ba, gani ta yi.

Na biyu, yaƙin Jomsborg, sansanin mayaƙan Joms. Saboda shi jikan tsohon shugabansu Sigvaldi ne ta wajen uwarsa Helga, aka ja shi rikicin gadon shugabancin mayaƙan Joms ko yana so ko ba ya so. Da shugabancin ya faɗo hannunsa, umarninsa shi ne a rushe rundunar. Floki, wanda ya biya aka kashe ubansa, yana hannunsa, bai kashe shi ba.

Na uku shi ne mai zafin. A Vinland, ƙasar da ke can yamma da teku inda ya kai mutanensa su zauna, ya kafa doka ba takobi, don gatari da mashi da baka suna da aikin yi a daji, takobi kuwa ba a ƙera shi don komai ba sai mutum. Ivar, wani daga cikin 'yan tafiyar, ya shigo da ɗaya a ɓoye, da hujja irin ta Baffa: in aka kawo mana hari fa? Suka tarar ƙasar da mutanenta, Lnu. Aka fara da musayar kaya da koyon harshe. Sai tsoro ya shiga ɓangarorin biyu, takobin ya fito ya sare hannun wani dattijonsu, wasu daga cikin Lnu suka ga makamin suka yi kwaɗayinsa, ga kuma annoba da baƙin suka shigo da ita ba da saninsu ba. Garin da suka sa wa sunan Arnheid ya zama fagen yaƙi. Einar, wanda ya fi kowa tsanar mayaƙa, ya ƙi barin gonar da ya share, ya ɗauki makami ya kashe mutum.

Baffa: Ka ji ko. Ivar ya yi gaskiya ke nan.

Hafsat: Ko kuma takobinsa ne ya jawo abin da yake tsoro, Baffa. Littafin ya bar ƙofa biyun a buɗe. Abin da bai bari a buɗe ba shi ne kuskuren Thorfinn na asali: ya gina mafarkinsa a kan ƙasar da ba kowa, alhali da kowa. Gudun da ya gaya wa Canute yana aiki ne in akwai inda za a gudu ba a taka wani ba.

Malam Sabi'u: Kuma tarihi ne ya ɗaure hannun marubucin a nan. Thorfinn Karlsefni mutum ne na gaske, ɗan kasuwar Aisland, mijin Gudrid, kuma an haifa musu ɗa Snorri a can. Hikayoyi biyu na Aisland da aka rubuta a ƙarni na 13, ta Erik Ja da ta mutanen Girinland, sun kawo labarinsa. A ciki mutanen ƙasar sun zo da fatu, aka ba su jan ƙyalle da madara, suka nemi makamai, Karlsefni ya hana a sayar musu. Duk da haka aka yi faɗa, bayan 'yan shekaru baƙin suka tattara suka koma don sun ga ba za su zauna lafiya ba. A 1960 Helge Ingstad ya gano kufai a L'Anse aux Meadows, arewacin Newfoundland a Kanada, matarsa Anne Stine ta jagoranci tonon, aka fito da gine-gine 8. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna an sare wasu itatuwan wurin da ƙarfe a shekarar 1021. Yukimura ya san tun ranar da ya zaɓi sunan jarumin cewa zaman ba zai ɗore ba. Yarintar Thorfinn da Askeladd da bautar duk ƙirƙira ce, amma ƙarshen tafiyar a rubuce yake shekara ɗari takwas kafin shi.

Nura: To na rage rabin ƙorafina saboda Olmar, ban lura da shi haka ba sai yanzu. Rabin na nan saboda Einar. Thorfinn na iya barin gonar Vinland don ya saba rasa komai, kuma yana ganin bashin rayuka ne a kansa. Einar kuwa ba wanda ke bin sa bashin jini, an ƙona garinsu, an kashe uwarsa da ƙanwarsa a gabansa, an sayar da shi, ya share daji sau biyu da hannunsa. A ce masa ya sake tashi ya bar ta, da wane baki?

Ummi: Da bakin wanda ya san abin da ke biyo bayan kisan farko, Yaya Nura. A kashi na 4 Einar ya shaƙe Thorfinn yana barci da ya ji tsohon mayaƙi ne, ya sake shi. A kashi na 20 ya yi kan Ketil zai kashe shi a kan gawar Arnheid, Thorfinn ya riƙe shi yana roƙonsa kada ya shiga ramin da shi ya shiga. Sau biyu ana janye shi daga bakin. A Vinland ba wanda ya riƙe hannunsa a kan lokaci, kuma a duba fuskarsa a shafin da ya biyo bayan kisan. Hafsat, a wane kundi ne wannan, na 28 ko na 29? Ina so in sake duba abin da ya ce wa Thorfinn da suka haɗu bayan nan.